Yaya na so mu sayar da gidanmu na Jekadafari ya sayi "lof" a Manchesta, dan Allah a ba ni shawara

Dan_Jekadafari:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo, abin ne ya tsaya min a rai, yau kwana huɗu kenan ban samu barcin kirki ba.

Mahaifinmu Allah ya jiƙansa ya rasu shekara biyu da suka wuce, ya bar mana gida a unguwar Jekadafari cikin garin Gombe, tsohon gida ne sosai don kakanmu ne ya fara gina shi, zauren har yau na ƙasa ne da azara, ciki ne dai aka yi ta rushewa ana maidawa na bulo a hankali a hankali. Mu bakwai ne, maza uku mata huɗu, sai Hajiyarmu da take zaune a ciki ita da autarmu da ba ta ma gama sakandare ba. Ba a raba gado ba har yanzu, kowa ya yi shiru ne kawai saboda kunya.

Toh babban yayanmu yana aikin asibiti a Ingila, garin Manchesta, ya kusa shekara tara a can. Ranar juma'a ya turo min hotuna da bidiyo ta WhatsApp wai ya samu gida na sayarwa irin wanda suke ce ma lof, a wata tsohuwar unguwa wai ita Ankots. Wallahi da na buɗe bidiyon na ɗauka sito ne da ba a gama gyarawa ba. Bango jan bulo tsirara ba filasta ba fenti, ga ginshiƙan ƙarfe biyu tsaye a tsakiyar falo, bututu na ratsawa ta sama ba silin, taga kuwa ta fi ni tsawo, kicin da falo duk a haɗe ko labule babu, gadon kwana kuma a kan wani ɗan bene da aka yi a cikin ɗakin sai an hau matakalar ƙarfe. Na ce Yaya yaushe za su gama aikin? Ya yi ta dariya har da tari, ya ce ai an gama, haka ake sayensa, wannan tsiraicin da kake gani shi ne tsadar. Wai tsohuwar masaƙar auduga ce aka yanka ta fulat fulat.

Kuɗinsa fam 300,000, in ka buga da naira 2,000 kan kowane fam kun ga miliyan 600 kenan. Shawararsa ita ce akwai wani ɗan kasuwa da ya daɗe yana taya gidanmu miliyan 60 yana so ya rushe ya yi shaguna, a sayar masa a tura ma Yaya kuɗin ya ba da kafin alƙalami, sauran banki ya cika masa shi zai riƙa biya duk wata, ya zauna a ciki na ɗan lokaci daga baya a sa ɗan haya kuɗin haya na shigo mana da fam, gidan na dukanmu ne in ji shi. Hajiya kuma a kama mata gida a Tumfure ko ta dawo wurina.

Ni ɗan kasuwar hatsi ne, masara da wake na sani, ban san kan wannan harkar ba. Wanda ya sani ya faɗa min, menene ma lof ɗin da har gidan da ba filasta zai kai miliyan 600? Kuma in an saya da gaske ya zama namu? Sannan abin da ya fi min nauyi, shi ne babba, shi ya biya min kuɗin makaranta, ban san da wane baki zan ce masa a'a ba.

Na_Bolari:

Wato a taƙaice ku sayar da tsohon gidan kakanku a rushe, ku je ku sayi ɗaki ɗaya a tsohon gidan kakan wani da suka ƙi rushewa. Kai duniya! Ni dai in jan bulo ba filasta kake so zo Bolari in nuna maka kangwaye guda biyar, ko sisi ba za ka biya da fam ba.

Baƙon_Manchesta:

Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya jiƙan Baba. Ni ɗan Kumo ne amma a Manchestan nake zaune, kuma na taɓa yin haya shekara biyu a irin ginin da kake magana, saboda haka bari in ba ka abin da na gani da idona, ba jita-jita ba.

Da farko Yayanku bai yi maka ƙarya ba kan tsadar. Asalin abin daga Amurka ya fito, unguwar Soho a Niyu Yok, masana'antu suka tashi suka bar manyan gine-gine fanko, sai masu zane-zane da ba su da kuɗi suka riƙa shiga suna kwana a ciki a ɓoye a shekarun 1960 saboda arha ga fili ga haske. A 1971 hukumar birnin ta halatta musu zama, a 1973 aka sa unguwar cikin wuraren tarihi da ba a taɓawa, daga nan masu kuɗi suka ga abin ya burge su suka zo suka saye, talakawan da suka fara abin aka kore su da tsada. Wato gidan rufin asiri ne ya koma gidan gayu. Shi ne sauran birane suka kwaikwaya.

Ankots kuwa unguwar masaƙu ce tun fil azal. Akwai masaƙar wasu 'yan uwa biyu, Adam da George Murray, da aka gama ginin farko a 1798 kuma tana nan tsaye har yau mutane na kwana a ciki, hanyar ruwan Rochdale da ta ratsa unguwar an gama ta a 1804, shekarar da Shehu ya yi hijira zuwa Gudu kenan, ka ga tsufan wurin. Da sana'ar saƙa ta mutu unguwar ta zama kufai shekara da shekaru, mutanen kirki ba sa bi da daddare, sai daga baya aka zuba kuɗi aka gyara, yanzu gidajen cin abinci ne da shagunan kofi ko'ina, kuma da ƙafa za ka taka zuwa tsakiyar gari, filin wasan Man City ma ba nisa. Abin da ke sa tsada shi ne ba a ƙera sabon gini mai shekara 200, iya waɗanda suka rage ne, su kuma mutanen nan suna son tsohon abu kaman me.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. A Ingila yawancin fulat ba sayen ƙasa ba ne, wa'adin shekaru kake saya. Ƙasar da gangar jikin ginin na wani ne daban, kai an ba ka takardar zama ta shekara 99 ko 125 ko 250, wasu har 999, kuma agogo na tafiya tun ranar da aka fara rubuta takardar ba daga ranar da ka saya ba. In ya ragu ƙasa da shekara 80 darajar gidan na faɗuwa, bankuna na fara ja da baya, ƙara wa'adin kuma kuɗi ne. Saboda haka tambaya ta farko da za ka ma Yaya, shekara nawa suka rage.

Ta biyu, kuɗin hidimar gini. Duk shekara sai ka biya, na lif ne, na inshora, na shara, na masu kula da ginin, kuma ba kai ke yanke nawa ba, turo maka ake yi. In rufin ya lalace ko aka ce za a gyara tagogi, sai a raba kuɗin kan duk masu fulat, kana so ba ka so. Kuma irin waɗannan masaƙun da yawansu suna cikin rajistar gine-ginen tarihi, taga ɗaya ba ka isa ka canza ba sai da izinin hukuma, in ka yi gaban kanka laifi ne a doka, gyaran ma sai an yi shi da irin kayan da suka dace da na asali, wanda ya ninka tsada. Mai gidan da na zauna na sha jin sa yana ƙorafin wannan, wata shekarar ya ce min abin da ya rage masa daga hayata bayan banki da kuɗin hidima bai kai ya sayi tayar mota ba.

Sai sanyi. Ɗan uwa silin ɗin da ya burge mutane a hoto, zafin hita duk can sama yake tafiya ya bar ka a ƙasa kana karkarwa. Watan Janairu da safa biyu nake kwana da hular sanyi irin ta 'yan acaɓa, in na tashi asuba in ga ruwa na bin gilashi yana taruwa a dakalin taga sai na sa tawul, kuɗin wuta kuma kar ka tambaya. Da rani kuwa gilashin nan ya maida ɗakin tanda. Ga ƙara, na sama in ya ja kujera kaman a kanka ya ja.

Ban ce mugun gida ba ne, yana da kyau wallahi, da yamma in rana ta bugi jan bulon nan sai ka ji kaman kar ka fita. Amma gidan gwauro ne mai albashi mai kauri, ba gonar da mutum takwas za su ci daga ciki ba.

Malam_na_Pantami:

Allah ya jiƙan mahaifinku ya sa ya huta. Ni ba ruwana da jan bulo, maganar gadon ce ta tsaya min.

Ɗana, gidan nan tun ranar da mahaifinku ya cika ya daina zama nasa, kuma bai zama na Yaya ba don shi ne babba. In dai magadan su ne waɗanda ka lissafa, ba bashi ba wasiyya, kuma iyayen mamacin sun riga shi, toh a miliyan 60 Hajiya na da tumuni wato miliyan 7 da rabi, saura miliyan 52 da rabi a raba kashi 10, kowane namiji miliyan 10 da rabi, kowace mace miliyan 5 da dubu 250. Ka ga abin da Yayanku ke da iko a kai miliyan 10 da rabi ne kacal, sauran sai kowa ya buɗe baki ya ce na yarda, kuma shirun kunya ba yarda ba ce. 'Yan uwanka mata an tambaye su kuwa, ko ku mazan ne kawai kuke magana ta waya? Autar kuma marainiya ce, dukiyar maraya ba a kai ta inda ba a da tabbas, Alƙur'ani ya tsananta a kan wannan.

Na biyu bashin bankin. In irin wanda ake biya da ruwa ne kun san hukuncinsa ba sai na faɗa ba. Na san a Ingila akwai tsarin da banki ke sayen gidan tare da kai kana sayen kasonsa a hankali kana biyan hayar abin da ya rage, malamai da dama sun amince da shi, sai a tambaye shi wanne zai shiga.

Shawarata a raba gadon tukuna ko da a takarda ne, a gaban alƙali ko malamin da kuka yarda da shi, kowa ya san nasa. Bayan nan mai son ya ba Yaya kasonsa ya ba shi da idonsa a buɗe. Wannan barin gado shekara da shekaru ba a raba ba shi ke raba zumunci a garin nan, mun ga da yawa.

Mai_Canji_Gombe:

Ni fa zan ɗan saɓa da ku, kowa ya taru a kan bawan Allah kaman ya zo da cuta. Ku tuna kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ajiye miliyan 60 a naira a lokacin yau me yake da shi? Yayan nan yana ganin wannan ne shi yasa yake so dukiyar gidan ta koma fam, kuma tunani ne mai kyau, mutum na can yana shan sanyi yana tuna 'yan uwansa ai sai a gode masa.

Inda kawai na tsaya shi ne gida a Jekadafari ba naira ba ne, ƙasa ce. Ƙasa a tsakiyar Gombe ita ma tashi take, tun da aka yi jiha a 1996 garin ke faɗaɗa, rikicin Borno da Yobe ya ƙara turo mutane, ku duba Tumfure da da gonaki ne yau ina fili. Ɗan kasuwan da ya nace yana taya muku miliyan 60 ba don Allah yake yi ba, ya san abin da ya hango. Kafin ma a yi maganar Ingila ku kira dillalai uku daban daban waɗanda ba su san juna ba su yi ma gidan kuɗi, ina jin za ka sha mamaki.

Maman_Ilham:

Kowa na lissafin fam da naira ba wanda ya tambayi Hajiya. Haba jama'a. Matar da aka kawo ta gidan nan tana amarya, a nan ta haife ku bakwai, maƙwabtanta da suke shiga ma juna ɗebo wuta da barka da gaisuwar mutuwa suna nan, islamiyyarta na nan, sai a ɗauke ta a kai ta gidan haya a Tumfure cikin get da katanga ba ta san kowa ba? Kakata haka aka yi mata, aka sayar da gidan cikin gari aka gina mata mai tayil da esi a bayan gari, wallahi kullum sai ta sa a kai ta tsohuwar unguwa ta zauna a ƙofar gidan maƙwabciyarta har magariba, ba ta ƙara sakewa ba har ta koma ga Allah. Kuma in ka tambayi Hajiya a gaban Yaya cewa za ta yi duk abin da kuka yanke daidai ne, kun san iyayenmu. Ka samu ƙanwarta ko aminiyarta ta tambaye ta a ɗaki.

Shi kuma lof ɗin ni dariya ma ya ba ni. Kicin a cikin falo ba ƙofa, ranar da aka sa daddawa a miyar kuka ai har filo sai ya ɗauka. Baƙo namiji ya shigo matar gida ta shiga ina, gado na sama a buɗe kowa na gani? Ba zaure ba tsakar gida, yaro ya fara rarrafe ga matakalar ƙarfe. Yayan naku ba shi da iyali ne?

Dan_Jekadafari:

Yana da mata da yara biyu Maman_Ilham, ƙaramin shekararsa ɗaya da rabi. Ban ma yi tunanin matakalar ba wallahi. Malam na gode, gaskiya ba a tambayi matan ba, ni da shi da ƙanena kawai muka yi maganar.

Baƙon_Manchesta:

Na dawo, na manta abu mafi muhimmanci, maganar "gidan na dukanmu ne". Ɗan uwa a nan gida na wanda sunansa ke rajistar filaye ne, kuma ba a sa sunan sama da mutum huɗu a takardar mallaka, ku kuma takwas ne. Sannan in mutum ya je neman bashin gida da kuɗin da danginsa suka ba shi, banki yakan ce masu kuɗin su sa hannu a wata wasiƙa cewa kyauta suka ba shi, ba bashi ba ne, kuma ba su da wani haƙƙi a gidan. Ka karanta wannan sau biyu. Wato da hannunku za ku rubuta cewa ba ku da komai a ciki. Lauya kuma sai ya bi diddigin inda kuɗin suka fito, takardar sayar da gidan Jekadafari da ta gado duk sai an nuna.

In kuma aka ce a sa sunan wani daga cikinku da ke zaune a Najeriya, tun Afrilun 2021 akwai ƙarin kashi 2 cikin 100 na harajin sayen gida a kan wanda ba mazaunin ƙasar ba, ga shi samun bankin da zai yarda da haka wani aiki ne. Maganar sa ɗan haya ma, bashin gidan zama daban yake da bashin gidan haya, na hayan yawanci kashi 25 suke nema a fara ajiyewa ba kashi 10 ba, kuma ba ka isa ka sa ɗan haya a na zaman ba sai banki ya yarda.

Ba wai Yaya zai ci amanarku ba, a'a, rai ne ba a hannunmu yake ba. In ta Allah ta kasance ba wasiyya a rubuce, dokar Ingila ce za ta raba gidan, matarsa da 'ya'yansa za ta ba, ba ta san wata auta a Jekadafari ba. Akwai takardar amana da lauya ke rubutawa a fayyace kason kowa, amma ka ga ta ci karo da waccan wasiƙar kyautar, shi yasa sai an zauna da lauyan da ba na mai sayarwa ba tun kafin a motsa ko kwabo.

Baba_BCGA:

Yaro sannu da haƙuri. Jikana ne ya karanta min wannan ya ce in yi magana shi zai rubuta, toh ga ta.

Da na ji an ce Manchesta da masaƙar auduga sai na yi murmushi. Kun san sunan unguwarmu daga ina ya fito? BCGA kamfanin Turawa ne na noman auduga, a Manchestan nan aka kafa shi a 1902, don masaƙunsu sun taɓa shan wahala lokacin yaƙin basasar Amurka da auduga ta yanke musu, suka ce sai sun nemo wata hanya, shi ne suka bazu ƙasashen da suke mulka har suka iso mu. Muna yara da kaka za ka ga jakuna da motoci sun yi layi da auduga daga ƙauyuka, a auna a gurje a ɗaure dila dila, farin kaɗa na tashi yana maƙalewa a gashin kai da bishiyoyi kaman hazo. Jirgin ƙasa ya iso Bauchi a 1961, ya iso Gombe a 1963, ya wuce Maiduguri a 1964, ranar da ya fara shigowa garin nan ba wanda ya zauna a gida. Da shi ake kwasar auduga da gyaɗa a yi kudu, wata a hau da ita jirgin ruwa, wata a tsaya da ita Kaduna tunda an buɗe masaƙa a can tun 1957.

Toh su sun riƙe gidan da aka saƙa audugar sun share sun goge suna sayar da ɗaki ɗaya miliyan 600, mu namu sito-siton da tashar jirgi je ka gani da idonka. Garin nan ma ai ba wani tsoho ba ne can, a 1919 aka dawo da sarauta nan Doma, wato Gombe ta yanzu, daga Nafada, kafin nan tana Gombe Abba inda Modibbo Buba Yero ya kafa ta, saboda haka zaure irin na kakanka yana cikin 'yan kaɗan da suka ga farkon garin. Duk shekara sai na ga an tura ɗaya da katafila an yi shagon sayar da waya. Ni ban hana ku neman arziki ba. Amma in an rushe an rushe kenan.

Injiniya_Herwagana:

Baba ya gama magana, Allah ya ƙara lafiya. Ni ta ɓangaren aikina zan ɗan ƙara, kar kuma mu cika son zuciya, ginin ƙasa yana da nasa ciwon kai. In ba a yaɓe duk shekara ko biyu, indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a rufi, damina ɗaya ta isa ta kawo shi ƙasa, ga gara da ke cin azara ta ciki ba ka sani ba sai ka soka wuƙa ka ji ta shige kaman a burodi. Kuma kuskuren da mutanenmu ke yi shi ne su shafe bangon ƙasa da siminti, sai danshi ya maƙale a ciki ya ruɓar da shi a ɓoye, wata rana filastar ta ɓalle gaba ɗaya da rabin bangon.

Amma in zauren lafiyarsa ƙalau wallahi ya fi lof ɗin can dacewa da mu, bango mai kauri taga ƙarama rufi mai tsawo, watan Afrilu ka shiga ka ji kaman an kunna esi ba ko sisin wuta. Wanda duk ya je Kafin Madaki a jihar Bauchi ya ga aikin shahararren maginin nan Babban Gwani ya san magabatanmu ba wasa suke ba. Masu kwaikwayon gilashi daga sama har ƙasa a garin nan kuwa ina ganinsu, daga baya labule mai kauri suke sayowa su rufe duka su ƙara inbata.

Abin da zan ce, in gidan na bakin titi ne har ɗan kasuwa na kwaɗayinsa don shaguna, me zai hana ku ku yi shagunan? A bar zauren, a fitar da shago uku ko huɗu a gefen da ke kallon titi, haya na shigowa a raba bisa kason gado, Hajiya na zaune a ɗakinta. Yaya in yana son taimako ya turo fam ɗin nan gida a yi ginin, fam kaɗan a nan aiki mai yawa yake yi. Sai dai kafin komai ku duba takardunku, da yawan gidajen cikin gari takardar mai unguwa ce kawai ko ba komai, ku je GOGIS, hukumar filaye ta jihar Gombe, a yi muku awo a fitar da shaidar mallaka. Kuma don kar mu yi ta ma Turawa dariyar wa'adi, mu ma tun dokar filaye ta 1978 ƙasa na hannun gwamna ne, shaidar da ake ba mu yawanci ta shekara 99 ce, bambancin dai ba mai turo maka takardar kuɗin lif.

Na_Bolari:

Injiniya ka bar ma Yaya ƙofa mana, a kankare filastar ɗaki ɗaya a cire silin a sa masa gado a kan dekin, in ya zo hutu ya sauka a lof ɗinsa na Jekadafari, fam 50 duk dare.

Dan_Jekadafari:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci, Na_Bolari kai kuma Allah ya shirye ka. Jiya bayan isha na kira Yaya, ban ce masa a'a ba don bakina ba zai iya ba, tambayoyin Baƙon_Manchesta kawai na karanto masa ɗaya bayan ɗaya kaman ni na ƙirƙiro. Wa'adin ya ce da saura sosai ba matsala, kuɗin hidima ya ce zai tambayi dillalin, da na zo kan wasiƙar kyautar sai ya yi shiru har na ɗauka netwok ne ya yanke, can ya ce eh lallai an faɗa masa akwai wannan amma ai tsakaninmu ne. Na ce Yaya ni na yarda da kai, autar fa wa zai sa mata hannu. Ya ce zai kira ni ran lahadi. Muryarsa ba ta yi daɗi ba gaskiya, ni ma ban ji daɗi ba.

Gwaggonmu za ta zo daga Dukku jibi ita za ta zauna da Hajiya kaman yadda Maman_Ilham ta ce, matan kuma na buɗe mana guruf mu bakwai yau da safe, ta biyu a cikin matan har ta turo min saƙo a gefe wai dama tana jin tsoron magana ne.

Injiniya da safen nan na ɗauki wuƙa na shiga zauren na bi azarar ɗaya bayan ɗaya, duk sun yi tauri sai guda uku ta kusurwar gabas wajen indararo, wuƙar ta shige kusan rabin ɗan yatsa kuma gari na zubowa. Ana iya canza ukun kaɗai ko sai an buɗe rufin duka? Kuma a ina ake samun magina masu aikin ƙasa yanzu a garin nan, wanda mahaifinmu yake kira ya rasu.